Tsufa a Ɗakin Kai: Na'urorin Lura da Kula da Iyayenmu a Gida

Lacca da aka gabatar a Ɗankaza, ƙaramar hukumar Wudil, jihar Kano



 

 Iyayena da ke zaune a nan, maganar yau taku ce, don haka ina neman izininku kafin in shiga, kuma in na yi tuntuɓen harshe a yi mini afuwa.

Gabatarwa

An nemi in yi magana a kan wasu ƙananan na'urori da masu aikin lantarki ke kira sensa, waɗanda ke jin motsi ko zafi ko hayaƙi ko faɗuwar mutum, da yadda za su taimaki tsoho ya ci gaba da zama a ɗakinsa, yana yin abin da zai iya da kansa, ba tare da haɗari ya same shi babu wanda ya sani ba. Na san wani zai ce a ransa: me ya haɗa Ɗankaza da wannan zance, alhali wutar lantarki ma sai an yi sa'a? Tambaya ce mai kyau, kuma zan zo kanta. Amma bari in fara aza harsashin abin da nake son mu tafi da shi gida. Na'ura ba ta ɗaga wanda ya faɗi. Iyakar aikinta ta yi kira. Darajarta tana hannun mutumin da zai ji kiran ya taso. Mu kuwa a nan, Allah ya hore mana masu tasowa: maƙwabta, dangi, jikoki, jama'ar masallaci. Abin da ya fara yi mana ƙaranci shi ne mai kai musu labari a kan lokaci.

Tsarin da muka gada

Tun kafin a san waya, gidan Bahaushe yana da hanyoyin sanin halin da tsoho ya kwana. Akan ba kaka jika ya riƙa kwana a ɗakinta, ya ɗauko mata buta, ya kunna mata fitila, in ta yi nishi da dare ya ruga ya taso mutanen gida. Da safe 'ya'ya da surukai kowa sai ya durƙusa a bakin ƙofa ya ce ina kwana. In dattijo bai fito sallar asuba ba, kafin a watse an ga gurbinsa a sahu, an tura yaro ya leƙa. Ga ciyayya tsakanin gidaje: yarinyar da ta kai tuwo ita ce za ta dawo ta ce, Inna ta ce a gaishe ku, amma yau ba ta jin daɗi. Ga zaure, inda duk mai wucewa sai ya yi sallama. Babu wanda ya zauna ya tsara wannan a takarda, amma da wuya tsoho ya yi sa'a biyu ido bai sauka a kansa ba.

Wannan tsari bai mutu ba, sai dai ya fara yin ɓaraka. Gandu ya rabu, kowa ya ja gonarsa da tukunyarsa. Samari sun tafi ci-rani Kano da Abuja da Legas da Fatakwal, wasu daga rani ɗaya sun zarce shekaru. Wanda ya samu hali ya yi gini a bayan gari. Jikan da yake kwana da kaka yanzu da safe yana boko, da yamma yana Islamiyya, wata kuma tana makarantar kwana. Ranar Juma'a magidanta sun tafi kasuwar Wudil tun da sassafe. Da damina kowa yana gona daga hantsi har azahar. Ba rashin tausayi ne ya kawo haka ba. Neman abinci ne da neman ilimi, kuma babu mai cewa a bar su. Sakamakon dai shi ne akwai sa'o'i, musamman tsakar dare da tsakar rana, da tsoho yake shi kaɗai a sashensa ko da gidan cike yake da mutane.

Kuma tsofaffin ƙaruwa suke yi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a 2020 masu shekara 60 zuwa sama sun kai biliyan 1 a duniya, zuwa 2050 za su kai biliyan 2.1, kuma kashi 80 cikin 100 nasu za su kasance a ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi da matsakaici irin tamu. A Nijeriya kusan kashi 5 cikin 100 ne na jama'a, wato wajen mutum miliyan 10. Ƙidayar 2006 ta nuna ƙaramar hukumar Wudil tana da mutum sama da dubu 185, kuma kowa ya san an ƙaru sosai tun daga lokacin. Ku kwatanta da kanku yawan dattawan da ke mazaɓunmu 10, daga Ɗankaza zuwa Darki, daga Utai zuwa Lajawa. Al'adarmu ba ta yarda a kai uwa ko uba gidan gajiyayyu ba, addininmu ma ya ɗora nauyinsu a wuyan 'ya'yansu. Tunda a gida za su zauna, wajibi ne gidan ya zama wurin aminci.

Haɗurran da ke jiran tsoho a gida

Na farko kuma mafi yawa shi ne faɗuwa. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum dubu 684 ke mutuwa duk shekara sanadiyyar faɗuwa, fiye da kashi 80 cikin 100 a ƙasashe irin namu, kuma waɗanda suka haura shekara 60 su ne suka fi yawa a ciki. Kusan mutum 1 cikin 3 na masu shekara 65 zuwa sama yakan faɗi aƙalla sau ɗaya a shekara. Mun san wuraren: dokin ƙofa, santsin makewayi, bakin rijiya, turke da igiyar tumaki a tsakar gida, tashi daga tsugunno. Mun san lokacin: fitowa fitsari da dare ko alwalar asuba a cikin duhu. Ga yanar ido, ga ciwon gwiwa, ga jirin da ke ɗibar mutum in ya miƙe da sauri, musamman mai shan maganin hawan jini. Ƙashin tsoho, balle na mace, ba shi da ƙwari, shi ya sa faɗuwa kaɗan kan kawo karayar ƙugu, wadda sau da yawa ta fi ƙarfin mai ɗori, sai an dangana da Asibitin Ƙashi na Dala.

Abin da mutane da yawa ba su sani ba shi ne, daɗewa a ƙasa bayan faɗuwar yakan fi faɗuwar illa. Likitoci suna ɗaukar kwanciyar da ta wuce sa'a 1 a matsayin haɗari mai zaman kansa: ruwan jiki ya ƙare, naman jikin da aka danne ya lalace har ya taɓa ƙoda, sanyi ya shiga ƙirji, fata ta yi gyambo. Tsohuwar da ta faɗi ƙarfe biyu na dare aka ɗaga ta nan take, da wadda ba a gani ba sai da gari ya waye, ba ciwo ɗaya suka yi ba. Bayan haka kuma sai tsoro ya shige ta, ta daina fita, ƙafa ta ƙara mutuwa.

Na biyu shi ne zafi da hayaƙi. Tsoho ba ya jin ƙishirwa da wuri kamar yaro, kuma jikinsa ba ya saurin fitar da zafi. A farkon Afrilun 2024, cikin watan azumi, zafi ya kai digiri 48.5 a garin Kayes na ƙasar Mali, kuma asibitin Gabriel Touré da ke Bamako ya ƙirga mutuwar mutum 102 a kwana 4, kusan rabinsu sun haura shekara 60. Bazarar Mali da tamu uwa ɗaya ce, kuma kun san yadda ɗakin kwano marar rufin ciki yake a watan Afrilu. Da hunturu kuma sai abin ya juye: a shiga da kaskon gawayi ɗaki, a toshe taga, a rufe ƙofa. Gawayi da janareta suna fitar da wata iska mai guba, kabon monoksaid, wadda ba ta da launi ba ta da wari, tana kashe mutum yana barci.

Na uku shi ne ciwon da ke faɗowa farat ɗaya, kamar shanyewar ɓarin jiki da saukar suga ga mai shan maganin ciwon suga. A shanyewar jiki, in baki ya karkace, hannu ya saki, magana ta sarƙe, sa'o'in farko su ne komai. Maganin narkar da gudan jini ma ba a bayar da shi in an wuce kimanin sa'a 4 da rabi. Daga Wudil zuwa Kano kilomita 40 ne da ɗoriya, ban da hanyar da za a bi daga ƙauye. Duk mintin da aka ɓata kafin a ankara, daga wannan ɗan lokacin aka cire shi.

Na huɗu shi ne gigin tsufa. Fiye da mutum miliyan 55 ke fama da shi a duniya. Ciwo ne na ƙwaƙwalwa, ba maita ba ce, ba sammu ba ne, kuma zunubi ne a jefi tsohuwa da irin waɗannan kalmomi. Mai wannan lalura yakan fita da dare ya ce zai tafi gona, ya ɓace. A ƙasar da ke da kogi da babban titi mai manyan motoci, wannan abin tsoro ne.

Yadda na'urorin suke aiki

Babu tsafi a cikinsu, kuma wasu suna aljihunku yanzu haka. Wayar da hotonta ke juyawa in ka karkata ta, akwai wani ɗan ƙaramin ma'aunin motsi a cikinta. Irinsa ake sa wa a agogo ko abin ratayawa: in ya ji jiki ya yi ƙasa da sauri, ya bugu, sannan ya yi shiru, sai ya ɗauka an faɗi, ya yi ƙara, in ba a kashe ba ya aika saƙo. Kamfanin Apple ya sa wannan a agogonsa tun 2018, amma asalin ma'aunin abu ne mai araha.

Akwai mai jin motsi a ɗaki. Jikin ɗan Adam yana fitar da ɗumi, na'urar kuma tana ganin sauyin ɗumin in mutum ya gifta. Ita ce a jikin fitilun sola da ke kamawa da kansu in an zo wucewa, waɗanda ake sayarwa a Sabon Gari da sauran kasuwanni. A ganina wannan fitila ita ce ta farko da ya kamata kowane gida mai tsoho ya mallaka, a kafa ta tsakanin ɗaki da makewayi, domin ita hana faɗuwar take yi tun kafin ta auku. Rigakafi kuwa ya fi magani.

Akwai ta ƙofa, wadda maganaɗisu ne da ɗan makunni: ƙofa ta buɗe su rabu, ta rufe su haɗu, na'urar ta rubuta lokaci. Akwai shimfiɗa da ake sa wa ƙarƙashin katifa, mai jin nauyi, wadda ke sanin an tashi da dare kuma ba a dawo ba. Akwai ma'aunin zafin ɗaki, da mai shaƙar hayaƙi da iskar guba, wanda ke kururuwa da batir kawai. Akwai mai nuna inda mutum yake ta tauraron ɗan Adam, domin mai gigin tsufa. Sannan ga na'urar awon jini ta hannu da ta awon suga, waɗanda da yawanmu mun riga mun saba da su. Duk waɗannan ana iya haɗa su da ɗan akwati mai layin waya, wanda zai aika gajeren saƙo ko ya buga kira, ba sai da intanet ba.

Hikimar ba a tara na'urori take ba. Tana cikin sanin al'adar mutum ta yau da kullum, sannan a lura da ranar da ta saɓa. A nan muna da wata falala. Rayuwar dattawanmu a kan salloli biyar take tafiya. Baba yakan buɗe ƙofa kafin kiran assalatu, Inna takan ɗauki buta a lokaci sananne. Saboda haka na'urar ƙofa guda ɗaya ta isa ta ce: yau har rana ta fito ba a buɗe ba, a je a duba. Aikin da gurbin sahu yake yi wa maza, ita za ta yi wa iyayenmu mata da ke salla a ɗaka, da dattawan da ƙafa ta hana su zuwa masallaci.

Darasi daga waɗanda suka riga mu

A Amurka, tun 1974 wani masanin halayyar tsofaffi mai suna Andrew Dibner ya kafa kamfanin Lifeline, mai yin maɓallin da tsoho zai danna ya nemi agaji. A Japan, ƙasar da tsofaffi suka yi yawa kuma da dama ke zaune su kaɗai, kamfanin Zojirushi ya fito da wata butar dafa shayi a 2001. Duk lokacin da tsoho ya zuba ruwan zafi, butar takan rubuta, sannan ta aika wa ɗansa ko 'yarsa bayani a waya. In Mama ta sha shayi da safe, hankali ya kwanta. In buta ta yi shiru, a buga waya. Abin koyi a nan shi ne ba su ce tsohuwa ta koyi sabon abu ba. Sun bi abin da ta saba yi ne suka ɗora na'urar a kai.

Amma akwai darasi mai ɗaci. A Ingila gwamnati ta fara wani babban gwaji a 2008, a yankunan Kent da Cornwall da Newham, da mutum sama da 6,000. Ɓangaren da ya shafi na'urorin lura a gida, da aka fitar da sakamakonsa a 2013, bai nuna an samu raguwar kwanciya asibiti ta a zo a gani ba cikin shekara guda. Wani binciken kuma da aka wallafa a 2008 a kan masu shekara 90 zuwa sama a garin Kambirij ya gano cewa mafi yawan waɗanda suka faɗi suka daɗe a ƙasa suna da maɓallin kira, amma ba su danna ba. Wasu ba su rataya shi ba, wasu sun so su tashi da kansu, wasu suna tsoron a kwashe su zuwa asibiti. To, ina ga iyayenmu masu kara da kawaici, waɗanda za su kwana da ciwo don kada su tashi suruka daga barci? Wannan ya nuna mana abu biyu. Kada mu dogara ga abin da sai tsoho ya danna kaɗai. Kuma kada wani mai talla ya ruɗe mu cewa sayen na'ura shi ne kulawa.

A waɗancan ƙasashe, kiran yakan tafi wani ofishi ne mai nisa, a biya ma'aikaci ya amsa, ya nemo wanda zai je. Mu maƙwabcinmu katanga ce tsakani. Abin da suke kashe kuɗi su saya, mu gadonsa muka yi.

Mutunci da sirri

Yanzu na zo inda ya fi damuna. Tsoho ba yaro ba ne, kuma tsufa ba ya sauke wa mutum haƙƙinsa. Addini ya hana leƙen asiri. Suratun Nur ta koya wa yara da masu hidima neman izini kafin shiga ɗakin manya a lokuta uku: kafin asuba, da tsakar rana, da bayan isha. Ku lura, waɗannan su ne lokutan da muka ce haɗari ya fi aukuwa. Ashe ke nan dole mu nemi hanyar da za ta tsare lafiya ba tare da ta yaye sutura ba.

Shi ya sa nake roƙo kada a sa kyamara a ɗakin kwanan uwa ko uba, balle kusa da makewayi. Na'urar da ke cewa an motsa ko ba a motsa ba ta wadatar, ba ta ɗaukar hoto, ba ta naɗar murya. Kada a kafa komai sai an zauna da mai ɗakin an yi masa bayani ya yarda, shi ne kuma zai zaɓi wanda za a riƙa sanarwa. In ya ce ba ya so, a bi shi da lallashi, kada a yi masa dabara a ɓoye. Wanda hankalinsa ya gushe, waliyyansa su yi shawara da likita, su tsaya a kan gwargwadon buƙata. Bayanin lafiyar mutum amana ce. Bai kamata a watsa awon jinin Baba a dandalin WhatsApp na dangi ba. Dokar kare bayanan jama'a ta Nijeriya ta 2023 ma ta sa bayanan lafiya cikin waɗanda ake tsananta tsaronsu.

Ga 'yan'uwana da ke birni kuma: saƙon da ya shigo wayarka cewa Inna ta buɗe ƙofa ba gaisuwa ba ce, kuma bai sauke maka nauyi ba. Kaɗaici ciwo ne da babu na'urar da ke warkar da shi. Zumunci a ƙafa yake.

Matsalolinmu na ƙasa

Na yi alkawarin komawa kan tambayar wuta. Yawancin waɗannan na'urori abincinsu kaɗan ne. Ƙaramin faifan sola da batir sun riƙe su. Inda sabis ke da rauni, gajeren saƙo yakan wuce ko da intanet ta gaza, kuma mafi sauƙi ma a haɗa ƙararrawa kai tsaye zuwa ɗakin ɗa ko gidan maƙwabci, ba ruwanta da layin waya. Saƙon rubutu ba zai amfani wanda ba ya karatun boko ba, don haka a yi shi da murya, da Hausa. Ƙurar hunturu da zafin bazara suna kashe kayan da aka ƙera don ƙasashen sanyi. Akuya ko kyanwa za su iya tayar da mai jin motsi, kuma in ƙararrawa ta cika kiran banza, ranar gaskiya babu mai tasowa. Abin da ya lalace kuma babu mai gyara a kusa, ya zama shara. Ga tsada: mafi yawan dattawanmu manoma ne da masu ƙananan sana'o'i, ba su da fansho. Duk waɗannan matsaloli ne na gaske, amma irin waɗanda injiniya ke warwarewa in ya zauna da mutanen da abin ya shafa.

Abin da ya kamata mu yi

Iyalai su fara da abin da ba ya cin kuɗi. A rage tudun dokin ƙofa, a kankare gansakukar makewayi, a kafa ƙarfe ko itacen dafawa a bango, a samar da kujerar zama ga wanda tsugunno ya gagara, a kawar da turke daga hanya. A kai tsoho a duba idonsa da jininsa. Sannan a sa fitila mai kamawa da kanta, a ajiye masa waya mai manyan maɓallai da lambar kiran gaggawa a maɓalli ɗaya. In 'ya'ya sun yi karo-karo, a ƙara na'urar ƙofa da ta hayaƙi.

Masu unguwanni da limamai, ku ne kuka san gidajen da tsoho ke zaune shi kaɗai ko da ƙananan yara. A rubuta su. Kowane ɗaya a sama masa mutum uku na kusa da suka yarda a kira su ko da tsakar dare, mace ga mace, namiji ga namiji, a kuma san mai mota ko mai babur mai ƙafa uku da za a tasa. A ajiye ɗan asusun mai. Wannan jerin sunaye ya fi kowace na'ura muhimmanci, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Ma'aikatan lafiya da kwamitin raya mazaɓa, ku koya wa waɗannan mutane yadda ake ɗaga wanda ya faɗi, da lokacin da ba a ɗaga shi sai an tallafe ƙugu, da alamomin shanyewar jiki, da abin da za a ba wanda sugansa ya sauka. Ku sa awon jinin tsofaffi cikin zagayenku na gida-gida.

Sai jami'armu ta kimiyya da fasaha da ke Wudil, wadda aka kafa a 2001, take ɗauke da sunan Aliko Dangote a yanzu. Ɗalibai, kowace shekara kuna ƙera abin gwaji don kammala digiri. Ga aiki a bakin ƙofarku. Ku zo ku zauna da iyayen nan, ku tambaye su abin da suke so da abin da ba za su taɓa ratayawa ba. Wataƙila maɓallin ya fi dacewa a jikin carbi, ko a kan sanda, ko tare da makullin da Inna ke ɗaurewa a bakin zane. Ku ƙera abu mai jure ƙura, mai magana da Hausa, wanda mai gyaran waya a kasuwar Wudil zai iya buɗewa ya gyara. Ku gwada a gidaje kaɗan da yardar masu su, ku rubuta gaskiyar abin da ya yi aiki da wanda bai yi ba. Malamanku su nemi tallafin bincike daga hukumomin TETFund da NITDA.

Hukumomi kuma, doka ta riga ta ba ku madafa. An sa hannu a dokar kafa Cibiyar Kula da Dattawa ta Ƙasa a 2018, ta fara aiki a 2021, shekarar da aka amince da manufar ƙasa kan tsufa. Dokar inshorar lafiya ta 2022 ta sa tsofaffi cikin masu rauni da ya kamata a ɗauke wa nauyi. Asibitin koyarwa na Ibadan ya buɗe cibiyar kula da lafiyar tsofaffi tun 2012. Muna roƙon ƙaramar hukuma da gwamnatin jiha su sa a ga alamar waɗannan a ƙauyuka: ranar duba tsofaffi a asibitin Wudil da ƙananan asibitocin mazaɓu, horar da ma'aikata, da motar ɗaukar marasa lafiya mai amsa kira. Majalisar Ɗinkin Duniya ta ware 2021 zuwa 2030 a matsayin shekarun tsufa cikin ƙoshin lafiya, kuma lokacin ya yi nisa.

Kammalawa

Jama'a, iyayen nan su suka nome gonakin da muka ci, su suka yi goyonmu, kuma har yau su ne masu sasanta rigima da riƙe tarihin gari. Abin da suke so bai da yawa: su zauna a ɗakinsu, su yi alwalarsu da kansu, a nemi shawararsu, in kuma wani abu ya same su a zo da wuri. Fasaha za ta iya taimaka mana a kan na ƙarshen, sauran kuwa aikinmu ne. Ina roƙon kada mu watse yau sai kowace unguwa ta fitar da wanda zai fara rubuta sunayen dattawanta da masu amsa kiransu, a kawo wa Dagaci kafin Juma'a mai zuwa. Matasa ku riƙe wannan aiki da kyau, domin tsarin da kuka kafa yau shi za ku tarar in Allah ya ba ku tsawon rai.

Allah ya ƙara wa iyayenmu lafiya da nisan kwana mai albarka, ya jiƙan waɗanda suka riga mu, ya ba mu ikon sauke haƙƙinsu, ya sa mu gama da duniya lafiya.